Ra'ayinmu: A Wane Irin Fayil Ya Kamata A Ajiye Bayanan Yanayi?

Kafin a ce gobe za a yi ruwa a Kano ko Maraɗi, sai da kwamfuta ta shimfiɗa wa duniya raga, ta lissafa zafi da iska da laima da ruwan sama a kowace mahaɗa ta ragar. Hasashen GFS na hukumar NOAA ta Amurka yana fitowa sau huɗu a rana, a kan raga mai tazarar rubu'in digiri, wato kusan kilomita 28 a yankinmu, kuma ɗigoginta sun haura miliyan ɗaya. Wannan na abu guda ne, a tsayi guda, a lokaci guda. Idan aka haɗa dukkan abubuwan da ake aunawa da matakan sararin sama da sa'o'in hasashe, lambobin sun zama tuli. Mazubin da aka zuba su a ciki, wato irin fayil ɗin, shi ke nuna wanda zai iya buɗe su da wanda zai tsaya kallo. Don haka zancen ya shafi ma'aikatan hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da na cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD a Yamai, da ɗalibin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa.

Tsohon hannu a fagen shi ne GRIB, tsarin Hukumar Yanayi ta Duniya, wanda NOAA da cibiyar ECMWF ta Turai ke fitar da hasashensu da shi. An ƙera shi ne don aikawa. Kowane saƙo a cikinsa taswira ce guda mai cin gashin kanta, an matse lambobinta, an zubar da ƙananan ɓurɓushin da ba su da amfani, don haka bai da nauyi a layin intanet. Matsalarsa ita ce ba ya faɗin abin da ke cikinsa da kalmomi. Lambobin ishara yake ɗauke da su, sai an duba jadawali a waje kafin a san wannan zafi ne ko laima, kuma cibiyoyi suna da nasu jadawalin na gida. Wanda manhajarsa ba ta da jadawalin da ya dace sai ya ga taswira ba suna. Ga ma'aikacin da ke da manhajar ecCodes ko wgrib2 wannan ƙaramin abu ne. Ga malamin aikin gona da ke son ruwan daminar bara, katanga ce.

NetCDF ya fito daga cibiyar Unidata a Boulder ta jihar Kolorado a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya ɗauki akasin wannan hanya: fayil yana bayyana kansa. Sunan abin da aka auna, ma'auninsa, layukan wuri, kwanan wata, da lambar da ke nufin babu bayani, duk suna ciki. Sigarsa ta huɗu ta 2008 an gina ta a kan tsarin HDF5, wanda NASA ke amfani da shi wajen bayanan tauraron ɗan'adam da yawa. Ƙiyasin ruwan sama na CHIRPS, wanda ya faro daga 1981, da na TAMSAT na Jami'ar Reading, daga 1983, waɗanda masu sa ido kan fari a Sahel ke dogaro da su, duk ana samun su a NetCDF. Sai dai 'yancin da ya ba marubucin fayil na iya zama illa. Idan ba a bi ƙa'idojin CF na sanya suna da ma'auni ba, wani zai rubuta ruwa da milimita, wani da mita, ba tare da ya faɗa ba. Akwai kuma batun yadda aka yanka bayanan a ciki: fayil da aka tsara taswira-taswira yana wahalar da wanda ke son tarihin shekara 40 na gari ɗaya.

Sabon shiga shi ne Zarr. Abin sha'awa, ba don yanayi aka fara shi ba. Alistair Miles ne ya ƙirƙiro shi yana aiki kan ƙwayoyin halittar sauron zazzaɓin cizon sauro. Zarr yana yanyanka bayanai ƙanana-ƙanana, kowane yanki a ajiye daban a rumbun intanet, ta yadda mutum zai auni mudu biyu maimakon a tilasta masa sayen buhu. Ga babbar taskar bayanan yanayi irin ERA5, mai bayanan kowace sa'a tun daga 1940, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma Zarr ya ɗauka cewa layi ba ya yankewa kuma akwai mai biyan hayar rumbu da dala. Kwafe dubban ƙananan fayiloli zuwa faifai don kai wa ofishin da ba shi da intanet aiki ne mai cin rai.

Kowanne yana da hujjarsa, amma mu mun tsaya a nan. GRIB ya ci gaba da aikinsa tsakanin hukuma da hukuma, domin da shi duniya ke musayar hasashe, kuma a adana na asali ko da an juya shi zuwa wani tsari, tunda juyawa kan zubar da wasu bayanai. Duk abin da za a miƙa wa jami'o'i da ma'aikatun noma da na ruwa kuwa, ya fito a NetCDF mai bin ƙa'idojin CF. Mun fifita shi ne saboda fayil ɗaya ne da za a iya ɗauka a filas, a buɗe shi da manhajar Python ko R ko QGIS ba tare da intanet ba, kuma bayan shekara 20 zai faɗi abin da ke cikinsa ko da wanda ya rubuta shi ya yi ritaya. Zarr ya zama kwafi na biyu ga cibiyoyin yanki masu ƙarfin riƙe rumbu, kada ya zama ƙofa ɗaya tilo.

Sharaɗi guda muke ƙarawa: a yanka fayilolin ƙasa-ƙasa da shekara-shekara kafin a fitar da su, don mai neman ruwan Agusta na kwarin Haɗeja kada ya sauke na duniya baki ɗaya.