DAGA BAKIN ZANGO: Mota Ɗaya, Abokai Biyu

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar kwata da shara, mu taɓa wani al'amari da ya same mu a bakin ƙofa.

Ran Asabar ɗin da ta wuce, bayan La'asar, waɗansu samari biyu na Maamobi suka tsaya da wata tsohuwar Sprinter a ƙofar gidanmu. Ɗaya bakanike ne, ɗayan tela. Motar nan ta sha aikin trotro har ta gaji, suka haɗa kuɗi suka saye ta, suka cire kujerun baya, suka kafa katako ya zama gado, ƙarƙashinsa kuma wurin ajiya. Suka ce, "Baba, mun zo ka sa mana albarka. Kaolack za mu, Maulidin Madina Baye, kuma a cikin motar nan za mu kwana mu tashi har mu dawo."

Muka tambaye su inda suka samo wannan dabara, suka nuna mana waya. Ashe a Amurka da Turai abin ya zama yayi: mutum ya bar gidan haya, ya rage kayansa, ya mai da mota ɗakinsa. Nan kusa kuma sun ga 'yan Wanderlust Ghana da suka tashi daga Ankara a ƙarshen Yuli 2023, suka isa London a farkon Agusta. Sun kuma ga Pelumi Nubi, wadda ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 daga London zuwa Legas a 2024, tana kwana a cikinta.

Muka yi dariya, domin abin da ake kira sabo ɗin nan gadonmu ne. Kalmar zango ma da muke alfahari da ita, ai ma'anarta inda ayari ke sauka ya kwana kafin ya wuce gaba. Kakanninmu fatake sun yi ta sintiri tsakanin Kano da Salaga da jakuna, su kawo kanwa da tufafi su koma da goro, kuma gidan kowa bai wuce abin da jakinsa zai ɗauka ba. Har gobe direbobin albasa da ke sauko da kaya daga Galmi ta ƙasar Nijar, su da yaransu, gindin mota ne ɗakinsu. Wanda ke shakka ya je Adjen Kotoku, inda aka mai da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021, ya gani da idonsa.

To, da muka leƙa cikin motar samarin nan, sai muka tarar da firji, da talabijin, da ɗan janareta, da akwatuna huɗu. Muka ce su sauke. Mai wannan tafiya abin da yake bukata kaɗan ne: jaka ɗaya kowa, tabarma, buta, gidan sauro, tocila, risho, tukunya ɗaya, jarkar ruwa biyu, gari da shito da suga da ganyen shayi. Wurin da ya rage na mota ne, wato taya ta biyu, jak, fanbel, man inji da kayan aiki. Kowane kaya da ka ƙara, mai zai sha, kuma a kowane shinge sai an ce ka buɗe shi.

Takardu kuwa ba a rage su. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har kwana 90, amma wannan na mutum ne, mota tana da nata. A tanadi fasfo, da katin rigakafin shawara, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshorar Brown Card, da takardun mallakar mota. Sannan a lura da hanya. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fita daga ECOWAS a Janairu 2025, kuma a cikin shekarar ta 2025 'yan bindiga sun ƙona tankokin mai a hanyoyin Mali. Akwai hanyar Elubo zuwa Abidjan, a haura Man, a shiga Gini ta Nzérékoré, a bi Labé da Koundara, a faɗa Tambacounda ta Senegal, daga nan sai Kaolack. Ta fi tsawo da duwatsu, kuma Gini tana da kuɗinta dabam da sefa. Kowace aka zaɓa, a tambayi direbobin da suka dawo kwanan nan, kuma kada a yi tafiyar dare.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da muka ce, "Yarana, sunan wa ke kan takardar motar? Kuɗin hanya a hannun wa yake? In inji ya buga a dajin Gini, wa zai biya?" sai suka dubi juna, suka ce, "Haba Baba, ai tare muka tashi."

Nan ne gabanmu ya faɗi, domin mu ma mun taɓa faɗin haka. Muna samari mun bi motar albasa zuwa Nijar da wani amininmu, wanda tun makarantar allo tabarmarmu ɗaya. Muka zuba kuɗinmu a jaka ɗaya, babu rubutu, babu lissafi. A wani shinge aka karɓi abin da aka karɓa, ga yunwa, ga zafi, ga barci da bai samu ba, sai magana ta fito: wa ya fi kashewa? Kuɗin da muka yi musu a kansa bai kai na rago ba, amma mun shekara bakwai ba mu gaisa ba, sai a wajen jana'izar mahaifiyarsa aka shirya mu. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A gida in rai ya ɓaci sai ka fita ka sha iska a bakin titi. A cikin mota kuwa babu zaure, babu ɗakin maƙwabci, fuskar nan dai ita za ka gani da asuba.

Fataken da ba su yi boko ba sun san wannan, shi ya sa kowane ayari yake da madugu, kuma ana yanke magana tun kafin a ɗaura wa jaki kaya. Don haka muka ba samarin nan shawara huɗu. Su je gaban dattijo a rubuta rabon kowa a motar, da shaidu. Su riƙe asusun hanya da ɗan littafi, a rubuta ko kuɗin ruwan sha ne, kowa kuma ya ɓoye kuɗin komawa gida a jikinsa. Su raba aiki, ɗaya ya ji da mota, ɗaya da girki da magana a kan iyaka. Na ƙarshe, su ɗauki motar su je Tamale su kwana uku a cikinta su dawo, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Telan ya ce, "Baba, wannan ai kamar ba mu yarda da juna ba ne." Muka ce masa rubutun nan shi zai tsare yardar, ranar da gajiya ta sa kowa ya manta abin da aka yi alkawari.

Jiya muka wuce ta layinsu, muka ga firji da talabijin a tsakar gida, mahaifiyar bakaniken tana ta faɗa wai za su kashe kansu da yunwa. Ga iyaye muna cewa, kada ku hana, tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma da ita kakanninmu suka kafa Nima da Sabon Zango. Amma ku zaunar da su ku yi musu tambayoyin nan uku kafin su tayar da inji.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su suna gaisawa. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.