Boɗinga da Shagari: 'Yancin ƙananan hukumomi da ayyukan da ke jiran mai yi

A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a kogin Shagari da ke Jihar Sakkwato, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Bayan shekara ɗaya, a watan Mayun 2023, aka sake yin irin wannan rashi a Dandeji, cikin ƙaramar hukumar ta Shagari, inda yara 15 suka halaka a kan hanyarsu ta zuwa itace. Duka lokutan biyu an yi ta'aziyya, manyan jami'ai sun kai ziyara, sannan maganar ta lafa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, bayar da lasisin kwale-kwale yana cikin ayyukan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambata da suna ya ɗora wa ƙaramar hukuma. Gaskiya ne hukumar NIWA ta tarayya ce ke da alhakin manyan hanyoyin ruwa, amma ma'aikacin gwamnati da ya fi kusa da mashigin ƙauye, wanda zai iya sanin jirgi nawa ne ke tsallakar da mutane, wane ne ya tsufa, kuma mutum nawa ya kamata ya ɗauka, na ƙaramar hukuma ne. Muhawarar 'yancin ƙananan hukumomi ta daɗe tana zagaye a kan kuɗi da wanda zai riƙe su. Ga mutanen Boɗinga da Shagari kuwa, ma'aunin wannan 'yanci shi ne irin waɗannan ƙananan ayyuka, waɗanda ba a ganin muhimmancinsu sai ranar da rashinsu ya ci rai.

Abin da doka ta ɗora musu

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya jero ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. Akwai ginawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da makewayin jama'a. Akwai hanyoyin cikin gari, fitilun titi da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da maƙabartu, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Akwai lasisin kekuna, amalanke, baro da kwale-kwale, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Akwai rajistar haihuwa, mutuwa da aure, ko da yake a aikace Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta fi riƙe rajistar haihuwa da mutuwa. Bayan waɗannan, an ba ƙaramar hukuma hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya da bunƙasa noma tare da gwamnatin jiha.

Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga cewa rayuwar ɗan kasuwa ce ta yau da kullum: rumfar da yake zama, lambatun da ke gaban rumfar, tashar da kayansa ke sauka, da naman da iyalinsa za su ci. Dattawa na tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai. En'e na da nata zalunci, musamman wajen karɓar haraji da jangali, shi ya sa gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su a 1979. Amma a wancan lokacin talaka ya san hukumar da ke kansa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Inda kuɗin ke bi

Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 shi ne ya kafa ƙananan hukumomi a matsayin mataki na uku na gwamnati, da tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa. A yau su 774 ne, 23 daga ciki a Jihar Sakkwato. Daga asusun tarayya suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi na da 26.72, tarayya na da 52.68. Daga harajin kayayyaki na VAT kuma suna da kashi 35. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki farashin Naira, kuɗin da ake rabawa duk wata sun ƙaru ƙwarai a lissafi, ko da yake tsadar siminti, man dizal da magani ta cinye wani kaso mai yawa na ƙarin.

Matsalar tana cikin sashe na 162(6), wanda ya umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kason kowace ƙaramar hukuma yana faɗawa can tukuna. A jihohi da dama, daga nan ake cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kuɗin horar da ma'aikata, kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda galibi a fadar gwamnati ake yanke shawararsu. Abin da ya rage shi ke isa sakatariya. Idan saurar ba ta wuce ta gudanar da ofis ba, kwalbatin da ruwa ya cinye sai ya jira wata damina.

An yi ƙoƙarin toshe wannan kafa a baya. A 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi sama da Naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Babban mataki ya zo ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta jagoran hukuncin. Duk da haka, fiye da shekara ɗaya bayan hukuncin, biyan kai tsaye bai kankama ba a mafi yawan jihohi, ana ta ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya da sharuɗɗan da aka gindaya.

Hujjar gwamnoni

Ba daidai ba ne a yi watsi da hujjar masu kare asusun haɗin gwiwa. A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta miƙa wa ƙananan hukumomi ɗawainiyar ilimin firamare, a lokacin da suke karɓar kasonsu kai tsaye. Malamai suka yi watanni ba albashi a wurare da yawa, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Malamin da ya ɗanɗana wancan zamani yana da dalilin fargaba, shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana neman kada a bar albashin mambobinta a hannun shugabannin ƙananan hukumomi. Ga kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024, wanda zai ƙara nauyi a kan duk ƙaramar hukumar da ma'aikata suka yi wa yawa.

Wannan hujja tana nuna buƙatar a killace albashi da fansho ta hanyar doka, a cire su a fili da adadin da kowa ya sani. Ba ta halatta a riƙe sauran kuɗin ba. Kuma tarihi ya nuna cewa ɗabi'ar danne ƙananan hukumomi ta girmi kowace jam'iyya. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ke shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983, gwamnonin jam'iyyu daban-daban sun maye gurbin zaɓaɓɓun majalisu da kwamitocin riƙo. A Sakkwato ta yau, PDP ce ta lashe kujerun shugabanci 23 a zaɓen 2021 lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, sannan APC ta lashe duka 23 a zaɓen Satumbar 2024 ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu. Haka abin yake a kusan kowace jiha. Shugaban da ya san cewa kujerarsa daga fadar gwamnati ta fito, da wuya ya tsaya ya tambayi gwamna lissafin asusu.

Maƙwabta biyu, buƙatu biyu

Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanya ɗaya, wadda ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, kuma duka suna cikin mazaɓar sanatan Sakkwato ta Kudu. Amma buƙatunsu ba ɗaya ba ne. A ƙidayar 2006 Boɗinga na da mutum wajen 175,000, Shagari na da wajen 156,000, alhali faɗin ƙasar Shagari ya ninka na Boɗinga fiye da sau biyu.

Boɗinga na dab da babban birnin jiha, kuma birni na matsowa gare ta. Inda gonaki ke komawa filayen gini, abin da ake buƙata shi ne a fitar da tituna da magudanan ruwa kafin gini ya toshe su, a ware wurin bola da na maƙabarta, a bai wa gidaje lamba. Aiki ne mai araha idan an yi shi da wuri, mai tsada da rigima idan an makara, domin sai an kai ga rushe gidajen mutane. Akwai kuma Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, wanda tsabtarsa da hanyoyinsa suka cancanci kulawar da ta dace da matsayinsa.

Shagari kuwa ƙasa ce mai faɗi da ƙauyuka a warwatse, ga madatsar ruwa da kogi. Kuɗin kai hidima ga mutum ɗaya a can ya fi yawa: hanyar da za ta fitar da amfanin gona, ɗakin shan magani mai ma'aikaci da ke kwana a wurin, rijiyar burtsatse da ake gyarawa idan ta lalace, da rajistar jiragen ruwa tare da rigunan kariya a kowane mashigi. Tsarin da ke yanke wa ƙananan hukumomi 23 aiki iri ɗaya daga tebur ɗaya a Sakkwato ba zai iya ganin wannan bambanci ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta barin kuɗi da shawara a hannun mutanen wuri.

Kuɗin rumfa da rasit

Akwai ɓangaren da bai jira hukuncin kotu ba, wato kuɗin shiga na cikin gida. Duk ranar kasuwa ana karɓar kuɗin rumfa, na tasha, na kara da na mahauta. Ɗan kasuwa ba ya ƙin biya idan ya ga aiki. Abin da ke ci masa rai shi ne ya biya sau biyu ga masu karɓa daban-daban, ko a karɓa ba rasit, sannan ya sake haɗa kuɗi da maƙwabtansa su ɗauki masu yashe lambatu. Majalisar da ke son a yarda da ita za ta iya liƙa jadawalin kuɗaɗen a ƙofar kasuwa, ta buga rasit mai lamba, ta kuma sanar da shugabannin 'yan kasuwa abin da aka tara a wata da abin da aka yi da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Abuja.

Su ma mazauna suna da makami a hannu. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma na wata-wata a intanet, da sunan Boɗinga da na Shagari a ciki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar 'yan kasuwa, reshen NULGE ko ƙungiyar ci gaban gari na iya rubuta wa sakatariya tambayoyi uku: nawa aka ware wa ƙaramar hukumar a wannan wata, nawa ne ya iso, kuma me aka cire a tsakani. Kansila kuma, wanda aikinsa ne amincewa da kasafin kuɗi, ya kamata mutanen gundumarsa su san ranar da majalisa ke zama da abin da ya faɗa a zaman.

Daminar da ke tafe za ta sake cika kogin Shagari, ta sake gwada magudanan ruwan Boɗinga. Kafin ta sauka, jama'ar garuruwan biyu na da haƙƙin sanin jirage nawa aka yi wa rajista, lambatu nawa aka yashe, da sunan jami'in da zai amsa tambaya idan ba a yi ba.