Fitilar Da Ke Leƙen Jini

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin koyarwa na Tamale, ko a ɗaya daga ƙananan asibitocin gari, ya san ɗan abin nan da nas ke maƙala wa marar lafiya a yatsa, mai jar wuta a ciki, wanda ke nuna lambobi biyu. Ma'aikata suna ce masa oksimita. Tun da cutar korona ta shigo Gana a watan Maris na 2020 ya fita daga asibiti ya shiga kantunan magani, har wasu gidaje a nan Kalpohin da Zango da Sabonjida sun ajiye nasu kamar yadda ake ajiye ma'aunin zafin jiki. To, yanzu masana a ƙasashen waje sun duƙufa wajen ƙanƙantar da wannan fitila domin a dasa ta cikin jikin mutum, ta zauna can tana lura da gudun jini dare da rana. Mun ga ya kamata mu yi maganarta tun kafin ta iso, domin wadda take hannunmu ma akwai abin da ba a gaya mana ba game da ita.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don ba tsafi ba ne. Yaranmu sun san wasan nan na dare in an ɗauke wuta: a kunna tocila a rufe bakinta da yatsu, sai a ga hannu ya yi jawur. Haske yana ratsa nama ke nan, jini kuma yana shanye wani sashe nasa. A cikin oksimita akwai ƙananan fitilu biyu, ɗaya ja, ɗaya kuma mai irin hasken da ido ba ya gani, wanda ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo. A ɗaya gefen yatsa akwai ɗan idon lantarki da ke auna hasken da ya samu wucewa. Jinin da ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ja ne wur, yana barin jan haske ya wuce. Wanda ya sauke kayansa kuwa ya fi duhu, yana shanye jan haske da yawa. Da na'urar ta gwama hasken biyu sai ta yi lissafi, ta ce kashi 97 cikin ɗari, ko kashi 89. Lamba ta biyu bugun zuciya ce, domin duk bugu ɗaya jijiyar yatsa tana ɗan kumbura da jini, hasken da ke wucewa ya ragu, sa'an nan ya dawo.

Wani injiniya ne a Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, ya gano dabarar a 1972. Abin sha'awa shi ne gudun jini yake nema ya auna, wato yawan jinin da zuciya ke turawa, sai wannan hawa da sauka na bugun zuciya ya riƙa ɓata masa lissafi. Daga baya ya lura cewa abin da ke damunsa ɗin shi ne ma'aunin. Ya rasu a watan Afrilu na 2020, daidai lokacin da duniya ke rububin na'urarsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kafin haske ya kai ga jini sai ya bi ta fata, fatarmu kuwa tana da sinadarin melanin, wanda ke ba ta duhu, shi ma yana shanye haske, musamman ja. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun buga sakamakon wani bincike. Sun ɗauki majinyatan da oksimita ta ce iskarsu tana tsakanin kashi 92 da 96, wato babu tashin hankali, suka gwama da gwajin jinin da aka ɗebo daga jijiya, wanda shi ne gwaji na gaskiya. A cikin fararen fata, kashi 3.6 cikin ɗari na awon an same shi ƙasa da 88. A cikin baƙaƙen fata kuwa kashi 11.7 ne, wato ninki uku. Ma'ana, na'urar takan ƙara wa baƙar fata maki, ta ce lafiya lau alhali mutum yana bukatar oksijin. Mu malaman makaranta mun san haɗarin ƙara wa yaro makin da bai ci ba: ranar babbar jarrabawa ake gane wa.

Abin takaici kuma shi ne ba sabon labari ba ne. Tun 1990 wasu likitoci a Amurka suka rubuta cewa na'urar ba ta cika faɗin gaskiya a kan baƙar fata ba, aka karanta aka ajiye. Ƙa'idar da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013 ta yarda kamfani ya gwada na'urarsa a kan mutum 10 kacal, muddin akwai masu duhun fata 2 a ciki. Sai a watan Janairu na 2025 hukumar ta fito da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a gwada a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata iri-iri. A Amurka baƙar fata tsiraru ne. A Tamale kuwa daga Badagombe zuwa Bahaushe zuwa Bamoshe, kowa da kowa ne a layin asibiti. Ba muna cewa a jefar da oksimita ba, ko kusa. Ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa a ɗakin tiyata, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da za a duba kafin a yi wa mutum aiki tun 2008. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ba a gwada ta a kanmu yadda ya kamata ba.

Wannan ne ya sa maganar dasa fitilar a cikin jiki ta ja hankalinmu. Idan fitila da idonta suna ƙarƙashin fata, manne da jijiya ko tsoka, to fata ta fita daga lissafi. Jinin Bature da na Bahaushe kuwa launinsu ɗaya.

Dasa na'ura a jikin mutum ya daɗe. A 1958 aka sa wa wani mutumin Suwidin, Arne Larsson, batirin zuciya na farko, wato na'urar da ke ɗan zaburar da zuciya in bugunta ya yi sanyi. Ta farko awa uku kawai ta yi ta tsaya, aka sa wata. Ya rayu har 2001, ya yi amfani da na'urori fiye da 20, ya riga ya binne likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera ta. A nan Gana, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar aikin zuciya ta Korle Bu a 1989, kuma daga cikin mutanenmu akwai waɗanda suka yi tafiyar kilomita 600 zuwa Ankara suka dawo da batiri a ƙirji. Matsalar irin wannan na'ura ita ce ta yaya za ta san mai ita yana kwance ne ko yana hawan keke zuwa kasuwar Aboabo, don ta ƙara bugu ko ta rage? A shekarun 1980 likitoci a Jamus sun gwada sa 'yar fitila a jikin wayar da ke shiga zuciya, ta riƙa duba launin jinin da ke dawowa daga jiki. In ya yi duhu, tsoka tana aiki ke nan, sai a ƙara bugu. Dabarar ta yi kyau a takarda, amma ba ta yaɗu ba. Fitila tana cin batiri, jiki kuma duk baƙon abin da ya shige shi yakan lulluɓe shi da wata 'yar tantani, ta dushe hasken kamar ƙurar hunturu a gilashin fitilar ƙwai. Na'urorin da ake sa wa mutane yanzu galibi motsin jiki ko numfashi suke aunawa.

Inda muke ganin abin ya fi shafarmu shi ne tiyatar gyaran rauni. Tamale garin babura ne, kuma babu unguwar da ba ta da wanda babur ya kware wa nama a ƙafa har ƙashi ya bayyana. A irin wannan rauni, ko ƙuna mai zurfi, likita yakan yanko tsoka da fata daga wani sashe na jiki, tare da jijiyoyinsu, ya dasa a wurin, ya ɗinke jijiya da jijiya da zare mafi siranta da gashi. Korle Bu tana da cibiyar irin wannan aiki tun 1997. Haɗarin yana cikin kwana biyu zuwa uku na farko: in jini ya daskare a ɗinkin, naman da aka dasa zai mutu, sai fa in an gane da wuri an koma ɗakin tiyata. Don haka nas ke zuwa duk awa tana duba wurin, ta taɓa ta ji ɗumi, ta danna ta ga yadda launi ke dawowa. Littattafan da aka koyar da ita sun ce ta lura ko wurin ya yi fari fat ko ya yi shuɗi. A fatar Bature wannan a fili yake. A tamu fa? Likitocin wannan fanni da kansu sun yarda cewa ganin canjin launi a baƙar fata yana da wuya. Ɗan ma'aunin da zai kwanta a cikin naman ya aiko da labari da kansa zai fi yi mana amfani fiye da waɗanda suka ƙera shi.

Ga inda aikin ya kai. A 2019 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa John Rogers, sun nuna wani ɗan ma'auni mai fitila da ake sawa ƙarƙashin fata, ba waya ba batiri, ana aika masa wuta daga waje. A jikin ɓeraye suka gwada shi. A 2021 wasu a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun ƙera nasu, tsawonsa milimita 4.5, faɗinsa 3, wato kamar ƙwayar dawa. Shi da igiyar sauti ake ba shi wuta, irin wadda ake yi wa mai ciki hoto da ita, kuma an gwada shi a tsokar tumaki. Burinsu shi ne ya riƙa lura da gaɓar da aka dasa wa mutum, kamar ƙoda ko hanta. Daga tunkiya zuwa gadon asibiti tafiya ce ta shekaru, daga gadon asibitin Amurka zuwa na Tamale kuma wata tafiyar ce dabam, ta kuɗi. Duk wanda ya zo muku da wata na'ura a jaka yana cewa ita ce, ku riƙe sidinku.

Kafin nan sai mu iya zama da ta yatsa, mu san abin da ba ta gani. Mu ɗauki jini kamar motocin tasha, oksijin kuma fasinja. Oksimita tana gaya mana ko motocin sun cika ne, ba ta ƙirga yawan motocin. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai sikila, ko mai jego da ta zubar da jini da yawa, ana iya ganin 98 a yatsarsa alhali mota uku ce ta rage a tasha, dukansu cike. Wannan sai an duba tafin hannu da cikin fatar ido, an kuma yi gwajin jini. Na biyu ya fi ban tsoro. In sanyin hunturu ya tsananta a Disamba da Janairu, wasu sukan shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba wari ba launi, wadda ke hawa kujerar oksijin a cikin jini, na'urar kuma ba ta bambanta su, sai ta ƙirga ta a matsayin fasinja na gari. Wanda aka fito da shi daga irin wannan ɗaki da ciwon kai da jiri da amai, a kai shi asibiti ko da lambar ta ce 99, a kuma gaya wa likita maganar gawayin. Hannu mai sanyi ma yana ruɗa ta, a murza shi ya yi ɗumi tukuna. Iyayenmu mata kuma, baƙin lalle da jan farce mai duhu suna tare haske. Ba sai an fasa ado ba, a dai nemi yatsar da ba ta sha ba, ko a bar nas ta nemi wani wuri.

Lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai ciwon huhu in ya yi ƙasa da 90 a ba shi oksijin. Tunda mun san na'urar takan yi mana ƙari, mu a namu ganin wanda ya ga 92 ko 93 a gida tare da haki bai kamata ya zauna jiran 89 ba. Akwai kuma awon da ba ruwansa da launin fata, agogo kawai yake bukata. A buɗe ƙirjin yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ba maganar ƙirga kuma, a nemi yalo-yalo a tafi.

Muna da roƙo biyu. Masu kantunan magani, da yawansu 'yan'uwanmu ne kuma suna karanta wannan shafi, ku riƙa tambayar dilolinku na Ankara da Kumasi sunan kamfanin da ya ƙera oksimitar da kuke sayarwa, da takardar gwajinta. Akwai ɗakin gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko mai gwada waɗannan na'urori a kan mutane masu fata iri-iri yana sa sakamakon a intanet kyauta, yaron kanti mai waya zai iya dubawa. Na biyu ga 'ya'yanmu da ke karatun likita a jami'ar UDS, da waɗanda ke makarantar nas ta Tamale. Duk shekara kuna neman abin da za ku yi bincike a kansa don kammala karatu. Majinyata suna nan, oksimitoci iri-iri suna nan a kasuwa, babban asibiti yana nan tun 1974. In ɗayanku ya samu izinin malamansa ya gwama lambar yatsa da gwajin jini a kan mutanen Tamale, ya aiko mana da abin da ya gano, za mu buga shi a wannan shafi da Hausa.