Turbo ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan motocin gas, wato dizal, da yadda ake tatsar masu su a Kano duk ranar da turbo ya lalace. Matsayata tun farko: abin da ake kira ƙaddara a harkar nan, mafi yawansa cuta ce da sakaci. Wanda zai ji haushi ya ji. 🧵

2/ Ku bi titin BUK daga Ƙofar Na'isa, ku leƙa garejin da ke gefen hanya. Za ku ga Hilux, Hiace, Sprinter an ɗaga bonet. Labarin ɗaya ne: mota ta daina ja, hayaƙi baƙi ko shuɗi, ga wani fito kamar jiniya. Bakanike ya ce "Alhaji turbo ne." Shi ke nan, aljihu ya shiga uku.

3/ Mene ne turbo ɗin ma? Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun tana cusa wa inji iska. Sandar nan tana iya juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin zafin ɗaruruwan digiri. Abin da ke riƙe da ita kawai siririn baƙin mai ne.

4/ To ka ga abin da rayuwarsa ta rataya a kan baƙin mai da iska mai tsabta. Yanzu ka kawo shi Kano. Baƙin mai na jabu a cikin galan mai kyau. Ƙurar hunturu. Filtar iska da ake kakkaɓewa a mayar shekara guda. Direba ya taso daga Zariya a guje, yana tsayawa ya kashe inji, mai ya ƙone a jikin sanda.

5/ Ga kuma gas ɗin kansa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma gas mai sinadarin sulfur da ba zai taɓa shiga kasuwar Turai ba. Can iyakarsu 10 ne cikin miliyan, mu a lokacin an yarda har 3,000. Injin da aka ƙera don wancan man, mu muka shayar da shi wannan.

6/ Yanzu mu zo kan dillalai. Motar da ake ce maka "Beljiyam ce, ba ta taɓa aiki a Najeriya ba," garantinta ya ƙare tun tana Turai. Mai ita na farko ya more ta, ya ga gyara ya fara tsada, ya rabu da ita. Kai ka sayi ragowar, sau da yawa an mayar da mitar kilomita baya. Ba takardar sabis, ba garanti ko na mako ɗaya.

7/ Ka je sayen wani turbo a Ƙofar Ruwa, abu uku ne a gabanka: sabo na kamfani da kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, na Beljiyam da ba ka san tarihinsa ba, sai sabon kwali marar asali. Duk da dala ake shigo da su. Dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Lissafa da kanka.

8/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar nan: "In an ɗaura ba ma karɓa." Malam, ta yaya zan san turbo yana aiki ban ɗaura ba? In ɗanɗana shi? Ka karɓi dubu ɗaruruwa a hannun mutum, ka ƙi ba shi rasit, kayan ya mutu bayan kwana goma, ka ce Allah ne ya kawo.

9/ A daina fakewa da ƙaddara. A fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan cikin gari akwai babin aibi a ciniki: in an ɓoye maka aibin kaya, kana da damar mayarwa. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ita ma ta ba da wannan haƙƙin. Addini da doka sun haɗu a nan, mu ne muka bar su.

10/ Makanikai, ku ma da naku. Turbo ba ya mutuwa haka kawai. In ba ka duba bututun da ke kai masa mai ba, ba ka wanke intakula ba, ba ka canza mai da filta ba, sabon ma haka zai bi. Sai ka ce kaya ne ba kyau, mai kaya ya ce kai ne ba ka iya ba, mai mota ya biya sau biyu.

11/ Na san wani zai ce "to wa ya aike shi sayen tsohuwar mota?" Mutum nawa ne a Kano za su iya shiga kamfani su ɗauko sabuwa dal? Mai Hiace ɗin nan ba don gayu ya saya ba. Da ita yake ciyar da gida. Ta kwana goma a gareji, tukunya ta kwana goma tana jira, kuma mu fasinja mu biya a kuɗin mota.

12/ Wani kuma zai ce dila ba zai iya ba da garanti a tsohon kaya ba. Ba shekara aka ce ba. Kwana 30 a rubuce. In ka yarda da kayanka me kake tsoro? Wanda zai fara yin haka a kasuwa, wallahi layi za a yi a shagonsa.

13/ Kafin nan, ka kare kanka:
- Kafin ka biya kuɗin mota, a cire tiyon iska a taɓa sandar turbo. In tana rawa sosai ko mai ya cika tiyon, ka gudu.
- Baƙin mai daga amintaccen wuri, a kan lokaci.
- Bayan doguwar tafiya, bar inji ya yi minti 2 kafin ka kashe.
- Ba rasit, ba ciniki.

14/ In kuma an cuce ka, kada ka tsaya a "Allah ya isa" kaɗai. Akwai shugabannin kasuwa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, akwai FCCPC. Shirunmu ne jarinsu.

15/ Ka tura wa duk mai motar gas da ka sani. Dillalai da makanikai kuma bismillah, ga fili a ƙasa. Ku gaya mana dalilin da zai hana ku rubuta kwana 30 a kan rasit.