Su Wane Ne Iyalin Ma'aikaci a Idon Doka?

Dokokin Najeriya sun tanadar wa ma'aikaci wasu haƙƙoƙi da ke tafiya tare da albashinsa, waɗanda suka haɗa da inshorar lafiya, da fansho, da diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki. Abin da ya fi damun magidanta a kan waɗannan tanade-tanade shi ne sanin wanda ya cancanci cin gajiyarsu, da kuma waɗanda doka take nufi idan ta ambaci iyalin ma'aikaci, domin amsar wannan tambaya ce ke raba wanda za a duba a asibiti da kati da wanda sai an ci bashi kafin likita ya gan shi.

Inshorar lafiya tsari ne na karo-karo, inda ake cirar wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a tara kuɗin wuri ɗaya domin biya wa duk wanda ciwo ya kama. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, ya fara aiki ga ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2005, sannan a 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. A ƙa'idar shirin, kuɗin da aka biya yana ɗaukar ma'aikacin da matarsa ɗaya, ko mijinta idan mace ce, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma duk wanda ya haura wannan iyaka sai an biya masa ƙarin kuɗi kafin a shigar da shi.

Wannan ma'auni bai yi daidai da gidan Bahaushe ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida, ga kuma auren mace fiye da ɗaya da addini ya halatta. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara idan ya zauna gaban jami'in rajista, fom ɗin da za a miƙa masa gurbin mace ɗaya ne da na yara huɗu, don haka dole ya zaɓa tsakanin uwargida da amarya, ya kuma ware huɗu daga cikin tara, alhali shari'a ta umarce shi da yin adalci a tsakaninsu. Haka nan 'yar riƙo, da marayan ɗan'uwansa da ke ci a tukunyarsa, da mahaifiyarsa mai fama da hawan jini, da ɗansa mai shekara 19 da ke jami'a, duk suna waje, ko da yake shi ne ke ɗauke da nauyinsu. Wannan ne ke kai wasu iyaye ga kai yaro asibiti da katin ɗan'uwansa, abin da ya saɓa wa doka, yake kuma da haɗari, saboda likita zai dogara da fayil mai ɗauke da rukunin jini da tarihin ciwon wani yaro daban.

Hujjar masu tsara shirin tana da ƙarfi, domin asusun karo-karo yana da iyaka, kuma idan aka buɗe ƙofa ba ƙayyadewa zai durƙushe. Sai dai hanyar shigar da ƙarin iyali ta kamata ta zama mai sauƙi, mai rahusa, wadda ake cira kai tsaye daga albashi, kuma hukumomin inshorar lafiya na jihohi irin su KSCHMA ta Kano su ne suka fi dacewa su tsara hakan, tunda sun san yadda gidajen mutanensu suke.

Batun ya fi tsanani idan ma'aikaci ya rasu. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aikin yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Kuɗin da ke asusun fanshon mamaci ba a sakinsa sai an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci bai zama mai dukiyar ba, domin ga Musulmi rabon gado ne ke fayyace kason kowa. Ma'aikata da dama sun rubuta sunan uba ko wa tun suna samari, ba su sake waiwayar fayil ɗin ba, har mutuwa ta bar zawarawa da marayu suna zaryar ofisoshi.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu ba tun farko, wato ma'aikatan wucin gadi irin su masu gadi, da masu shara, da leburorin masana'antu, waɗanda ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila, su shekara da shekaru ba takardar kama aiki, duk da cewa dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su sake duba ma'anar iyali a ƙa'idojinsu, ƙungiyoyin ƙwadago su sa maganar a gaban teburin tattaunawa, shi kuma ma'aikaci ya je ofishinsa ya duba fayil ɗinsa, ya sabunta sunayen matansa da 'ya'yansa tun yana da rai da lafiya.