Daga otomatik zuwa manuwal: Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nuna maka

Duk mai bibiyar shafukan motoci a TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon da nake nufi. Za a nuno wata tsohuwar motar gudu, irin mai ƙofa biyun nan, an ɗage ta sama a gareji. Kiɗa ya tashi, a sauke giyar otomatik a ture ta gefe, a ɗaura ta manuwal. Kafin minti ɗaya ya cika gayen ya hau titi, hannunsa a kan sandar giya, salansa sai kuka take. Ka leƙa wajen kwament ka ga samarinmu suna ta cewa "yanzu ta zama mota". Wani ma tun bai ajiye wayar ba ya fara lissafin tsohuwar BMW ko Celica ɗin da ke lulluɓe da tampol a gidansu.

Ni ɗalibin koyon aikin jarida ne, kuma abu na farko da aka nuna mana a darasin tace bidiyo shi ne cewa abin da aka yanke aka zubar ya fi abin da aka bari yawa. Wannan minti ɗayan da ya burge ka, aikin makonni ne ko watanni aka matse a ciki. Ba a nuna maka rasit ba, ba a nuna maka ranar da kayan da aka yi oda suka iso ba su dace ba. Shi ya sa matsayar wannan shafi a kan lamarin take a fili: canza giyar tsohuwar mota ba laifi ba ne, amma duk wanda ba zai iya yin aikin cikakke ba, ya adana tsohuwar giyar, kuma ya faɗi gaskiya ranar da zai sayar, to ya bar motar yadda ya same ta.

Mu fara da yi wa masu sha'awar adalci, don ba haukan banza suke ba. Wanda ya taɓa tuƙa manuwal a buɗaɗɗen titi ya san daɗin da ake magana. Kai ne za ka ji kukan inji ka san lokaci ya yi, ka taka kuloci, ka tura giya, ka saki ƙafa daidai yadda motar ba za ta fizga ba. Tsofaffin otomatik kuwa, irin masu giya uku ko huɗu na shekarun 1980 da 1990, suna da nawa, kuma suna cinye wani kaso na ƙarfin injin kafin ya kai taya.

Ɗauki Toyota Supra, samfurin da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, wadda fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya sa duniya ta san ta. Mai turbo biyun ta fito kala biyu: ɗaya da otomatik mai giya huɗu, ɗaya da manuwal mai giya shida ta kamfanin Getrag na Jamus. Inji ɗaya ne, jiki ɗaya ne, amma a kasuwar tsofaffin motoci ta manuwal ɗin ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wannan ratar ce ta sa mutane da yawa a Amurka da Turai suke sayen ta otomatik su juya ta.

Su kansu kamfanonin sun ji kiran. Da Toyota ta dawo da Supra a 2019, otomatik zalla ta fitar. Masoya suka yi ta ƙorafi, sai a 2022 ta sanar da ta manuwal. Porsche ma ta fitar da 911 GT3 a 2013 babu manuwal, a 2017 ta dawo da ita. Aston Martin kuwa tana da wurin gyara a garin Newport Pagnell na Ingila, inda take karɓar tsohuwar Vanquish, irin wadda James Bond ya tuƙa a fim ɗin 2002, ta mayar da ita manuwal da hannunta. Ka ga kenan harkar ba ta 'yan bayan fage ba ce.

To amma a nan ne bidiyo yake yaudarar mutane, domin otomatik iri-iri ce. Irin ta Vanquish ɗin nan, da ta BMW M3 ta farkon shekarun 2000 da ake kira SMG, da wasu Ferrari na wancan zamani, a cikinsu giyar manuwal ce tun asali. Na'ura kawai aka sa take taka kulocin tana sauya giyar a madadin direba. Juya irin wannan ya fi sauƙi: a cire na'urar, a sa feda da sandar giya, a gyara kwamfuta. Ita kuwa otomatik ɗin da muka saba da ita, irin ta Supra da yawancin motocin da ke shigo mana daga Kwatano, wata halitta ce daban. Babu faifan kuloci tsakaninta da inji, wata tukunyar ƙarfe ce cike da mai take miƙa ƙarfin. Idan ka cire ta, ba giya kaɗai ka cire ba, ka taɓa rabin cikin motar.

Bari mu bi aikin daga gaba zuwa baya. A bayan injin akwai siririn faifan da otomatik ke amfani da shi, dole a sauya shi da mai kauri da nauyi wanda kuloci zai kama. Sai faifan kulocin da murfinsa da boris ɗinsu. A cikin mota ana buƙatar feda ta uku, kuma fedar birkin otomatik tana da faɗi, sai an sa siririya kafin wuri ya samu. Sai famfunan mai guda biyu, na sama da na ƙasa, da bututun da ya haɗa su, waɗanda su ne ke isar da takun ƙafarka zuwa kuloci. Tsawon giyar manuwal ba ya zuwa ɗaya da na otomatik, don haka farfela ba za ta dace ba, sai an samo wata ko an yanka an sake daidaita ta. Ƙarfen da ke tallafe giyar daga ƙasa shi ma haka. Aksul ɗin baya sau da yawa lissafin haƙoransa ya bambanta, in ka bar shi za ka ga inji yana ihu a babban titi, ko motar ta yi sanyi wajen tashi. A wasu motocin har sai an taɓa ƙarfen ƙasan motar kafin sandar giya ta fito a inda ya kamata.

Duk wannan aikin bakanike ne. Saura na mai rewaya, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kwamfutar motar ta saba magana da giyar otomatik, in ta neme ta ba ta ji ta ba sai fitilun gargaɗi su cika dashbod, wani lokaci ma ta rage wa injin ƙarfi. Maleji na iya mutuwa. Fitilar ribas sai an ja mata waya daga sabuwar giyar. Sannan akwai wani ɗan makunni da yake hana otomatik tashi sai tana kan P ko N. Mai rewayan da yake sauri haɗe wayoyin nan biyu kawai yake yi mota ta tashi, ya karɓi kuɗinsa. Mai kula da aikinsa kuwa zai sa makunnin a fedar kuloci, yadda ba za ta tashi ba sai an taka. Bambancin aikin nan biyu bai fi na awa guda ba, amma a gidan da yara ke wasa a gaban mota, yana iya zama bambancin rai da mutuwa.

Ba labarin intanet nake ba ku ba. Yayan wani abokina yana da tsohuwar BMW mai ƙofa biyu, lafiyarta ƙalau, giya ba ta taɓa ba shi matsala ba. Ya ga irin bidiyon nan, ya kai ta wani gareji da ba zan ambata ba. Aka ce masa mako uku, ta yi wata biyar. Da ta fito maleji ba ya motsi, fitilar ribas ba ta kamawa, in ta ɗauki gudu sai ka ji kujera tana rawa saboda farfelar da aka yanka aka yi wa walda ba a daidaita ta ba. Wata safiya ƙaninsa ya murɗa makulli don ya ɗumama ta, ashe an bar ta a giya. Ta yi tsalle ta daki get. Allah Ya kiyaye babu kowa a wurin. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da ya ce a mayar masa da tsohuwar giyarsa, sai aka ce ai tuni an sayar wa 'yan gwangwan. Yau motar tana nan a ƙofar gida, ba ta zama abin da ya yi mafarki ba, kuma ba ta koma yadda take ba. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi.

Akwai kuma wata magana da ake yawo da ita, wai manuwal ta fi gudu. A kan tsohuwar otomatik mai giya huɗu, e, da ƙamshin gaskiya. Amma otomatik na zamani masu giya bakwai ko takwas suna sauya giya cikin ƙiftawar ido, babu hannun ɗan'adam da zai kamo su. Don haka in za ka yi, ka yi don daɗin tuƙi, kada ka yaudari kanka da batun tsere. Ka kuma tambayi kanka inda za ka riƙa hawanta. Wanda ya yi bidiyon a kan titin tsauni yake, babu kowa sai shi. Kai kuma gosulon yamma ne zai tare ka tsakanin 'yan adaidaita, ƙafar hagu tana sama tana ƙasa har cinya ta yi tsami.

Sai batun daraja. Gaskiya ne Supra ta manuwal ta fi tsada, amma wadda ta fito daga kamfani a haka ake nufi. Masu tara tsofaffin motoci suna duba lambar jikin mota da farantin da kamfani ya manna, su san da wace giya aka haife ta. Wadda aka juya ba ta kamo ta asali a farashi, ko da aikin ya yi kyau. Kuma ga wani abu da zai ba ka mamaki: ɗaya daga cikin Supra masu ruwan lemo da marigayi Paul Walker ya tuƙa a wancan fim an yi gwanjonta a Las Vegas a 2021 kan dala 550,000, kuma otomatik ce. Tarihinta aka saya, babu wanda ya damu da fedarta biyu ce. Tsohuwar mota ba a ƙera wata irinta kuma, duk wadda aka yanka ba daidai ba, an rage guda ɗaya kenan a duniya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kowanne muhimmanci, wato gaskiya. Mun san yadda cinikin mota yake a intanet: hoto huɗu, a rubuta "babu abin gyara", a sa lambar waya. Wanda ya juya giya sannan ya sayar a matsayin "manuwal daga kamfani" ya ci amana, ko da mai sayen bai taɓa ganewa ba. Ba kuɗinsa kaɗai ka cuta ba. Ka ba shi motar da bakanikensa zai riƙa sayo wa kayan da ba nata ba, domin bai san giyar wace mota ce a ciki ba. Juyin da aka yi da kyau ba abin ɓoyewa ba ne, abin nunawa ne da rasit da hotuna.

Saboda haka ɗan'uwa, in har zuciyarka ta kafe, ga shawararmu. Fara da neman irin motar da ta zo da manuwal tun asali, sau da yawa sayar da taka ka cika kuɗi ka sayi waccan ya fi sauƙi da araha. In kuma motar tana da wani matsayi a wurinka, ta gado ce ko ba a samun irinta, to nemi gawar mota irinta sak mai manuwal ka kwashe kayan gaba ɗaya, maimakon tsince-tsince a Ƙofar Ruwa ko Panteka, wannan daga nan wancan daga can. Kada a kwance ko noti ɗaya sai duk kayan sun haɗu a gabanka. Ka ce bakaniken ya nuna maka motar da ya taɓa juyawa, ka shiga ka tuƙa, ka sa ribas ka fito ka duba fitila. Ka ware kuɗin ko-ta-kwana, domin kayan nan da dala ake lissafinsu. Tsohuwar giyar da farfelarta da kwamfutarta kuwa, a gabanka za a sa su a but ka kai gida ka adana. In kuma motar ta Baba ce, to ka ji ta bakinsa tukuna, ba sai ya ga feda uku ba.

Muna son ganin matasanmu suna sha'awar inji, suna koyon yadda abubuwa ke aiki, ba kallo kawai ba. Daga irin wannan sha'awar ake samun ƙwararrun bakanikai da injiniyoyi. Amma layik ɗin da za ka samu kwana biyu zai yi a manta, motar kuma kai za ka zauna da ita. In akwai wanda ya taɓa yin wannan aiki a cikinku, ya yi kyau ko ya ɓaci, ya rubuto mana yadda ta kaya, har da abin da ya kashe da watannin da ta yi a gareji. Irin wannan labarin ne ba ma samu a bidiyo.