Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kwalejojin Likitanci Na Arewa

Na rubuto muku ne, ku shugabannin kwalejojin likitanci na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, a kan darasin cututtukan fata, wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Yawancin littattafan da ɗalibanku ke karantawa hotunan farar fata ne a ciki, kuma alamar farko da ake koya musu ita ce wurin ya yi ja. To, a jikin baƙar fata kumburi yakan yi duhu ne ko ruwan toka. Wannan giɓin ne ya sa a 2020 wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa littafin hotunan alamomin cututtuka a baƙar fata. In har a Ingila an ga buƙatar haka, ina ga mu?

Ku ɗauki ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa rami a fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, ƙurajen kuma a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata da matsematsi. Likitan da ya ba yaro magani bai tambayi waɗanda suke kwana shimfiɗa ɗaya da shi ba, aikin baban giwa ya yi, domin dole a yi wa 'yan gida magani rana guda. Susar kan buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cutar da ke iya taɓa ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Makero a kan yara naman gwari ne ke kawo shi, yana yaɗuwa ta aska, mataji da hula. Man shafawa ba ya kai wa saiwar gashi, sai maganin sha na makonni.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne farin tabo. Ƙyasfi yana fitar da garin fata idan aka kankare shi. Tabon kuturta kuwa ba ya jin taɓi. Ɗan ƙullin auduga ya isa gwaji: majiyyaci ya rufe ido, a shafa, a tambaye shi. Tun 1995 ake ba da maganin kuturta kyauta, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa.

Ga kuma mayukan bilicin da haɗe-haɗen kemis masu sinadarin siteroyid. Suna sirantar da fata, suna kawo ƙuraje da nankarwa, suna ɓadda kamannin makero. Tambayar "me kika shafa?" ta zama wajibi.

Shawarwarina huɗu ne. Ku haɗa kai ku tara hotunan majiyyatanku, da izininsu, ku yi kundin koyarwa guda. Ku tura ɗalibai Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye, Zariya, da tsangayu da makarantun kwana. Ku koya musu sunayen da majiyyata ke faɗa, kamar kirci, borin jini da maruru, tare da gargaɗin cewa suna ɗaya kan rufe cututtuka da dama. Sannan ku sa fata a jarrabawar gaban gadon majiyyaci, domin abin da za a tambaya shi ɗalibi ke karantawa.

Ƙwararrun likitocin fata kaɗan ne, kuma galibinsu a manyan birane suke. Ɗalibin da kuka yaye shi ne zai fara ganin tabon nan a asibitin ƙaramar hukuma, ku ba shi idon gane shi.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani likitan karkara